Yadda Ƙuruciya Take Bin Mutum Har Girma: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyaye da Matasan Katsina

Tambayoyin da ke ƙasa ana yin su a taron iyaye da malamai, ana yin su a zaure bayan sallar isha'i, wani lokaci kuma uwa ce take yin su a zuciyarta idan ta dubi ɗanta mai shekara 23 wanda ya gama makaranta, lafiyarsa ƙalau a ido, amma ya kasa riƙe aiki, ya kasa riƙe aboki, kuma ba wanda ya san abin da ke cin ransa. An amsa su ne da abin da binciken masana ya tabbatar, tare da abin da muke gani a gidajenmu na Katsina da Daura.

Waɗanne shekaru ne farkon girma, kuma da me ake auna jin daɗin rayuwa a cikinsu?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shekara 10 zuwa 19 a matsayin shekarun tasowa da balaga. Abin da ke biye, daga wajen shekara 20 zuwa 30, shi ne farkon girma, lokacin da ake gama karatu ko a yaye mutum daga wurin koyon sana'a, a yi bautar ƙasa, a nemi abin yi, a yi aure, a fara haihuwa. Jin daɗin rayuwa a wannan lokaci ya ƙunshi lafiyar jiki da samun barci, da iya dagewa a kan aiki, da iya zama da miji ko mata ko ubangida ba kullum cikin rigima ba, da kuma jin cewa mutum yana da daraja ko da ya faɗi jarrabawa ko ya karye a kasuwa.

Yaron da bai yi wayo ba ai ba ya tuna komai. Ta yaya abin da ya same shi zai shafi girmansa?

Gaskiya ne ba zai iya ba da labari ba, amma jikinsa da ƙwaƙwalwarsa da abin da ya same shi ake gina su. Kafin yaro ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, shi ya sa likitoci suke nanata kwana 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2. Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, domin aya ta 233 a suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a yankinmu na Arewa maso Yamma kuwa adadin ya haura rabi. Tsumburewa ba ta tsaya ga gajarta ba, tana rage wa yaro saurin fahimta a aji, daga nan ta rage masa abin da zai iya nema da ya girma.

Sai dai abinci kaɗai bai isa ba. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara ƙanana da suka tsumbure, ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajen wasunsu sau ɗaya a mako har tsawon shekara 2, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da yaran. Da aka sake neman su bayan shekara 20, sai aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Abin da aka koya wa matan nan muna da shi tun kakanni: goyo, da waƙar raino, da tawai, da kakar da take zaunar da jikoki a tabarma ta ce ga ta nan ga ta nanku. Abin takaici shi ne yadda muke sakin waɗannan, mu miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru.

A nan ne ya kamata a dubi yadda muke yaye. A gidaje da yawa rana ɗaya ake shafa wa nono abu mai ɗaci, a saɓi yaron a kai shi gidan kaka a Mani ko Rimi, ya kwana uku yana kuka yana lalubar bayan da ya saba kwanciya a kai. Yawancin yara suna wucewa lafiya, musamman idan sun saba da kakar, amma babu abin da ake ƙaruwa da shi a wannan gaggawa, kuma rage nono a hankali, uwa tana kusa, ya fi sauƙi ga zuciyar yaron da cikinsa.

Idan yaro yana ƙoƙari a makaranta, ba shi ke nan ba?

Ƙoƙarin makaranta yana da muhimmanci, kuma shi ne ya fi nuna ko yaro zai kai ga babbar takarda. Amma kwanciyar hankali wata aba ce daban. A 2014 masanin tattalin arziki Richard Layard da abokan aikinsa suka bi bayanan dubban 'yan Birtaniya da aka haifa a mako guda cikin 1970, suna neman abin da ya fi nuna ko yaro zai gamsu da rayuwarsa idan ya girma. Abin da ya zo na farko shi ne lafiyar zuciyar yaron, wato ko ya tashi cikin fargaba da ƙunci ko cikin natsuwa, sannan ɗabi'unsa, sai ƙwazon karatu ya zo a ƙarshe. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan kuma an bi yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, aka ga cewa waɗanda suka iya kame kansu tun suna ƙanana sun fi sauran lafiya da tattali da nisantar laifi a shekara 32, ko da an kwatanta masu basira ɗaya da arzikin gida ɗaya.

Mu kuwa abu biyu muke tambaya: na nawa ya zo a aji, kuma yana jin magana? Da wuya uba ya tambayi kansa ko ɗansa yana da wanda zai faɗa wa damuwarsa. Yaron da ya yi tsit a gida muna yaba masa da ladabi, alhali wani lokaci tsoro ne ya rufe masa baki.

Mu ma an yi mana duka da tsawa, ga mu nan mun zama mutane. Ina laifin?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Tsawatarwa da kafa doka a gida wajibi ne, kuma yaron da aka sake shi sakaka shi ma an cuce shi. Abin da ke yin ɓarna shi ne duka mai tsanani wanda yake zuwa bisa fushin babba, da zagi da gori na kullum, da zaman gidan da yaro bai san lokacin da hadari zai taso ba. Tsakanin 1995 da 1997 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka tambayi manya fiye da 17,000 a San Diego ta Amurka game da wahalhalun ƙuruciyarsu, kamar duka, da cin zarafi, da ganin ana dukan uwa, da zama da mai shaye-shaye ko mai taɓin hankali, da rabuwar iyaye. Kusan biyu cikin uku sun gamu da aƙalla ɗaya, ɗaya cikin takwas kuma ya gamu da huɗu ko fiye. Rahoton da suka fitar a 1998 ya nuna masu huɗu ko fiye sun ninka waɗanda ba su gamu da ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12 wajen faɗawa shan giya da ƙwayoyi, da ciwon damuwa, da yunƙurin kashe kai. A Najeriya kuma binciken 2014 kan cin zarafin yara ya gano cewa shida cikin goma suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18.

Dalilin yana cikin jiki. Idan mutum ya tsorata, jiki yana sakin sinadarai, daga ciki har da wanda ake kira kotisol, zuciya ta yi sauri, tsoka ta ɗaure, domin a gudu ko a kare kai. Da tsoron ya wuce komai yakan lafa. Yaron da tsoronsa ba ya wucewa kuwa jikinsa yakan saba da zama a ɗarare, ya tafi da wannan sabo har girma. Ku dubi saurayi mai shekara 22 da ke koyon ɗinki a shago: aikinsa yana da kyau, amma da maigida ya ɗaga murya a kan wuyan riga ɗaya da ya karkace, sai hannunsa ya kama rawa, zaren ya ƙi shiga allura, washegari kuma ba a gan shi ba. Za a ce ba shi da haƙuri, alhali muryar da ya ji ta mayar da shi tsakar gidansu ne yana ɗan shekara bakwai.

Mai cewa ga mu nan mun zama mutane ya yi gaskiya a kan kansa, amma ya tuna da sa'o'insa da aka yi wa irin wannan riƙo, ya duba inda wasunsu suke yau. Ya kuma tuna da hadisin Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Kunyar ɗan fari, da riƙo, da mutuwar aure, da almajiranci fa?

Duk waɗannan tambaya ɗaya ce ke raba mai kyau da marar kyau a cikinsu: shin yaron yana da babba guda tsayayye wanda ya san nasa ne? Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta saboda alkunya ba ta cutar da shi ba muddin kaka ko goggo ta rungume shi, kamar yadda al'adar ta tanada tun asali. Matsalar tana zuwa ne yanzu da ma'aurata suke zama su kaɗai a gidan haya, an riƙe kunyar amma babu kakar. Haka riƙo: yarinyar da innarta ta ɗauka ta haɗa da nata 'ya'yan ta sami gata biyu, wadda aka mayar 'yar aiki kuwa ta rasa duka. Idan aure ya mutu, abin da ya fi raunata yaro shi ne a hana shi ganin ɗaya daga cikin iyayensa, ko a riƙa aibata ɗaya a gabansa. A gidan da ake da mata fiye da ɗaya, fifiko shi ne tushen 'yan ubanci, kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi umarni a fili da a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Game da almajiranci, tsangaya ta fitar da alarammomi masu natsuwa da kamala waɗanda kowa yake alfahari da su a ƙasar Katsina. Amma kolo ɗan shekara shida da yake cikin yara masu yawa a hannun malami ɗaya, yana bara kafin ya ci, ba wanda zai taɓa goshinsa idan zazzaɓi ya kama shi, kuma iyayensa ba su leƙo shi daga salla zuwa salla, ya rasa wannan babba guda da ake magana. Uban da ya kai ɗansa karatu bai sauke nauyin ciyarwa da ziyara ba.

Yarona yana da hankali, da ya balaga sai ya canza. Me ya faru?

Ƙwaƙwalwa tana sake shiri a shekarun balaga. Ɓangaren da ke son daɗi da yabon abokai da gwada sabon abu yana ƙarfi da wuri, shi kuwa ɓangaren gaban goshi, mai auna sakamako da taka birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Saboda haka saurayi yakan aikata a gaban abokansa abin da ba zai taɓa yi shi kaɗai ba. Wannan lokaci ne kuma da cututtukan ƙwaƙwalwa suka fi fara bayyana: wani babban bincike na Amurka a 2005 ya nuna rabinsu suna farawa kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin 24, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da irin wannan lalura. Barci ma yana da hannu, domin matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10, amma wayar da ke ƙarƙashin matashin kai takan rage masa shi.

Haɗarin da ya fi tsorata iyaye shi ne shaye-shaye da shiga cikin ƙauraye. Binciken 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Da yawa daga cikin yaran da suke faɗawa ba daɗi suka fara nema ba, sauƙi suke nema daga wani ƙunci, ko kuma majalisar da za ta karɓe su. Korar irin wannan yaro daga gida tura shi ne ga waɗanda suka lalata shi, sanya shi a mari kuma ƙara masa rauni ne, kamar yadda kowa ya gani a watan Oktoban 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da Katsina. Abin da ke riƙe matashi shi ne uba ko kawu da ya san abokansa da sunayensu, da sana'a ko karatu da zai ga ci gabansa a ciki, da wata hidima a gida da za ta nuna masa ana buƙatarsa.

'Yan mata fa, hanyarsu ɗaya ce da ta maza?

Tushen ɗaya ne, amma mashigar ta bambanta. Yarinyar da take yini da farantin talla a tasha tana gamuwa da maganganu da hannuwan da ba za ta iya faɗa a gida ba, kuma binciken nan na 2014 kan cin zarafin yara a Najeriya ya nuna ɗaya cikin 'yan mata huɗu tana fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin shekara 18. Haihuwa kafin ƙugu ya gama girma, tare da doguwar naƙuda a gida, tana daga cikin manyan sanadin yoyon fitsari, kuma mu a Katsina ba sai an ba mu labari ba, domin cibiyar aikin yoyon fitsari ta Babbar Ruga, inda likitan ƙasar Holan Kees Waaldijk ya yi aiki tun shekarun 1980, tana nan a gefen gari. Kowace shekara da yarinya ta ƙara a makaranta tana ƙara mata iya kula da lafiyarta da ta 'ya'yanta, kuma dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu kyauta ga mace da namiji.

Yaran da suka ga harin 'yan bindiga ko aka raba su da garuruwansu, za su warke?

Da yawa suna warkewa idan aka taimake su da wuri. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, an yi murnar dawowarsu, amma dawowar jiki ita ce mataki na farko. Yaron da ya ga tashin hankali yakan yi mugun mafarki, ya firgita da ƙarar babur, ya koma fitsarin kwance, ko ya zama mafaɗaci. Yana buƙatar a mayar da shi ga tsarin yau da kullum na makaranta da islamiyya da wasa, a bar shi ya yi magana idan ya so ba tare da an matsa masa ba, kuma kada a ce masa namiji ba ya kuka. Idan alamun sun wuce wata guda ba su ragu ba, a kai shi asibiti.

Ashe ke nan hali zanen dutse ne, wanda ya tashi cikin wahala ya gama yawo?

A'a. Alƙaluman da aka kawo suna magana ne a kan yawan haɗari a cikin jama'a, ba su yanke hukunci a kan mutum ɗaya ba. Wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai a Amurka har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku an haife su cikin talauci da rikicin gida, amma ɗaya cikin uku na waɗannan ya tashi natsattse mai riƙon amana da sana'a. Abin da ya fi haɗa su shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba guda da ya tsaya masa, kaka ko yaya ko malami ko maƙwabci. Wasu ma da suka lalace a samartaka sun gyaru daga baya ta hanyar aure nagari, ko aiki, ko komawa karatu, ko riƙon addini. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ɗan Adam yana daɗewa bai bushe ba. Wannan ne kuma ya sa maganar ɗa na kowa ne take da nauyi: malamin firamare da ya lura yaro yana zuwa ba karin kumallo, ko mai shagon da ya zaunar da maraya ya koya masa gyaran waya, yana iya zama shi ne babban nan guda.

Na riga na girma, kuma na ga kaina a cikin wannan bayani. Daga ina zan fara?

Ka fara da sanin cewa abin da aka yi maka kana yaro ba laifinka ba ne, kuma gane haka bai saɓa wa biyayyar iyaye ba, domin da yawansu abin da aka yi musu suka maimaita. Sannan ka nemi mutum ɗaya mai riƙe sirri. Jimla ɗaya ta isa buɗe ƙofa: "Kawu, akwai abin da ya daɗe yana damuna, ina so ka saurare ni." Ke ma haka, ko ga yayarki ko ga malamarki. Ka tsare lokacin barci, ka motsa jiki, ka nisanci duk abin da ake sha domin a manta.

Idan baƙin ciki ya kai mako biyu ba ya ɗagawa, abinci da barci sun gagara, abin da kake so da ya daina burge ka, to ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma yana da magani. Idan tunanin kashe kai ya zo, ko mutum ya fara jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kada a kwana ba a je asibiti ba. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita, kamar yadda ba su hana mai hawan jini shan maganinsa. Ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci da sirri. Idan za ka je, ka tafi da wanda ka amince da shi, ka kuma rubuta tun daga gida lokacin da abin ya fara da duk maganin da ka taɓa sha, na asibiti da na gargajiya, domin likita zai tambaya.